Kwale-kwalen da Ke Shiga Jaka: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Sayi Kayak Mai Araha

A wannan shafi mun saba tattaunawa kan wayoyi, kwamfutoci, fawa-bank da kayan sola. Yau na zo muku da na'urar da ba ta da batir, ba ta da allo, ba ta cin data. Ƙaramin kwale-kwale ne na roba da ake kira kayak, irin wanda ake hura wa iska da famfon hannu, a hau ruwa da shi, in an gama a sace iskar a naɗe shi a jefa cikin jaka.

Wata 9 ke nan ina amfani da irin mai arahar nan, kuma na hau ruwa da shi fiye da sau 20. Ya ba ni nishaɗin da ban zata ba. Sau ɗaya kuma ya kusa ja mini abin da ba zan so iyayena su ji ba. Tun da na sa hotunansa a Facebook mutane suke tambayata inda ake samunsa da kuɗinsa, amma har yau ba wanda ya tambaye ni abin da ba zai iya yi ba. Wannan tambayar ce ta fi muhimmanci, ita ce kuma dalilin rubutun nan.

Sana'ata rubuta manhaja ce, da kaina na koya bayan na gama sakandare. Duk mai wannan aiki ya san yadda ake wuni a gaban allo, awa 10 ko fiye, har gadon baya ya fara ƙorafi. Ina neman abin da zai fitar da ni daga ɗaki ne na ci karo da bidiyon waɗannan jirage a YouTube. Da na duba farashi sai na ga bai kai na wayar Android mai matsakaiciyar daraja ba. Na yi oda, bayan makonni ya iso cikin kwali.

Daga fatar dabba zuwa roba

Kayak ba ƙirƙirar kamfani ba ce. Mutanen Inuit da maƙwabtansu na yankin ƙanƙara, daga Alaska zuwa arewacin Kanada da Girinlan, su suka ƙera shi tun dubban shekaru don farauta a teku. Sukan haɗa ƙwarangwal na itace ko ƙashi su lulluɓe shi da fatar dabbobin teku. Sunan ma daga harshensu aka aro shi. Bambancinsa da kwale-kwalenmu biyu ne: mai tuƙi yana zama ƙasa-ƙasa ya miƙe ƙafafu, sannan filafilinsa baki biyu gare shi, ana tsoma dama a tsoma hagu.

Shi kuma jirgin da ake hurawa ya daɗe fiye da yadda muke zato. A shekarun 1840 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya mai suna Peter Halkett ya ƙera jirgin yadi mai roba da ake hurawa, masu binciken yankin ƙanƙara suka yi amfani da shi. Amma sai da robar PVC ta wadata bayan Yaƙin Duniya na Biyu sannan abin ya zama na kowa. Wata Ba'amurkiya, Audrey Sutherland, ta yi dubban kilomitoci ita kaɗai a gaɓar Alaska cikin kayak na hurawa, ta fara tana kusan shekara 60. A lokacin korona a 2020 kuma, da mutanen Turai da Amurka suka rasa wurin zuwa, kasuwar waɗannan jirage ta buɗe sosai.

Dabarar kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta kwance a kan gora suna yawo bisa ruwa. Iskar da ke kulle cikin gorar ce take ɗauke da mutum. Kayak na hurawa gora ce da aka yi wa siffar jirgi.

Mataki uku da za ka tarar a kasuwa

Kamar yadda wayoyi suke aji-aji, haka waɗannan jirage.

Na farko shi ne mai araha, wanda rubutun nan yake kansa. Robar PVC ce falle ɗaya da aka manne da zafi, 'yar uwar robar katifar hurawa amma ta fi ta kauri. Misalan da suka fi shahara su ne Intex Challenger K1, mai ɗaukar mutum ɗaya, tsawonsa mita 2.74, yana ɗaukar kilo 100, da Intex Explorer K2, na mutum biyu, tsawonsa mita 3.12, yana ɗaukar kilo 180. A Amurka farashin irin waɗannan yakan yi yawo a kusa da dala 100 zuwa 150. Kafin ya iso hannunka sai ka ƙara kuɗin dako da canjin ranar.

Na biyu yana da tub na roba a ciki da rigar yadi mai ƙarfi a waje, kamar taya da tub ɗinta. Kamfanoni irin su Sevylor da Advanced Elements, da Decathlon na Faransa mai tambarin Itiwit, suna yin irin wannan. Ya fi jure karta, amma yana daɗewa bai bushe ba.

Na uku shi ne wanda za ka ga an rubuta drop-stitch a jikinsa. A cikinsa akwai dubban zaruruwa da suka ɗaure fallen sama da na ƙasa, don haka komai yawan iskar da aka ɗura ba ya kumbura, sai dai ya miƙe ya yi tauri kamar katako. Wannan ya fi kusa da jirgin gaske wajen gudu, amma kuɗinsa yana ninka na farko sau da yawa.

Abin da ke raba su a takarda shi ne ƙarfin iskar da suke ɗauka, wanda ake aunawa da psi. Na farko kusan psi 1 ne, na biyu ya ɗan ɗara haka, na uku yana kaiwa 8 zuwa 10. Don mai karatu ya kwatanta, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar kusan psi 30 zuwa 35.

Daga kwali zuwa bakin ruwa

Nawa na mutum ɗaya ne, daga aji na farko. A cikin kwalin akwai jirgin, da kujerar hurawa, da famfon hannu, da filafili na alminiyom da ake harhaɗawa, da 'yar ledar faci, da wani ƙaramin faranti na roba mai kama da fiffiken kifi da ake zura wa a ƙasan jirgi ta baya. Turawa suna kiransa skeg. Kada ka raina shi. Ranar da na manta da shi a gida, duk tsomawar filafili sai hancin jirgin ya juya, na yi ta zagaye kamar akuya a turke.

Duka kayan sun kai kilo 13 a ma'aunina. Suna shiga but ɗin mota, suna shiga adaidaita sahu, har a bayan babur na taɓa ɗaurawa. Wannan shi ne babban abin da kuɗinka yake saya: jirgin da ba ya buƙatar mota mai buɗaɗɗen baya, ba ya buƙatar gareji. Hurawa tana ɗaukata minti 10.

Jikinsa ɗaki-ɗaki ne, kowane da bawul ɗinsa, ta yadda idan ɗaya ya huje sauran za su riƙe ka. Idan za ka saya, ka ƙirga bawul ɗin. Mai ɗaki uku, wato gefe biyu da ƙasa, ya fi mai ɗaki biyu kwanciyar hankali.

Kafin in kai shi ruwa sai da na hura shi a tsakar gida na bar shi a inuwa ya kwana. A aikinmu ba ma tura manhaja ga jama'a sai mun gwada ta a kwamfutarmu. Da safe na tarar da shi yadda na bar shi, sannan na yarda da shi.

Iskar ciki da ranarmu

Yawancin masu bidiyon da na kalla a ƙasashe masu sanyi suke, ba su cika maganar zafin rana ba. A wurinmu kuwa rana ita ce ta fi kashe irin wannan jirgi, ba ƙaya ba.

Ga lissafin. Iskar da ke kulle ƙarfinta yana ƙaruwa da zafi. A ce ka hura jirgin da safe ana ma'aunin zafi 25, ka kai shi psi 1. Idan ka haɗa da nauyin iskar duniya, wanda yake kusan psi 14.7, ainihin abin da ke ciki 15.7 ne. Ka jawo shi kan tudu ka bar shi a rana har robar ta kai ma'auni 50, abin da ba shi da wuya a watan Afrilu. Ƙarfin zai ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, ya zama 17. Ka cire 14.7, saura 2.3. Wato ya ninka abin da aka ƙera jirgin ya ɗauka, har da ƙari. Robar takan ɗan miƙe ta rage wani abu, amma miƙewar nan ita ce take cinye mahaɗin. Hudar ƙaya ana yi mata faci. Mahaɗin ciki idan ya ɓalle, jirgin ya kumbura ta gefe ɗaya, da wuya ya gyaru.

Saboda haka abu uku. Kada ka kai shi wurin mai faci ya ɗura masa iska da injinsa, cikin daƙiƙu zai fashe. Kada ka cika shi har ya yi tauri kamar ƙwallo. Da yawansu suna zuwa da 'yar rular leda da ake ɗorawa a kan zanen da ke jikinsu, idan tsawon ya yi daidai sai ka tsaya. Kuma duk lokacin da ka fito da shi daga ruwa za ka huta, ka kai shi inuwa ko ka ɗan sace iskar. Akasin haka ma yana faruwa: idan ka sa shi a ruwa mai sanyi zai ɗan yi laushi, sai ka ƙara masa famfo biyu ko uku.

Yadda yake a kan ruwa

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin tangal-tangal. Faɗinsa da kumburin gefensa sun sa yana da wuyar kifewa a ruwa mai kwanciya. Wanda bai taɓa riƙe filafili ba, cikin rabin awa zai fara tafiya.

Amma ba ya gudu. Manhajar GPS da ke wayata tana nuna kilomita 3 zuwa 4 a awa idan ina tuƙi a natse, wato tafiyar ƙafa. Dalilai uku ne: gajere ne, mai faɗi ne, kuma yana lanƙwasa a tsakiya inda nauyin mutum yake. Idan ka daina tuƙi, nan take ya tsaya. Kujerar ba ta tallafar baya sosai, bayan awa ɗaya da rabi ƙuguna yakan fara magana. Ruwa kuma yana gangarowa ta jikin filafili ya jiƙa wando, don haka ka zo da kayan canji.

Duk da haka, akwai abin da ban san yadda zan auna shi ba. Ƙarfe 7 na safe, ruwa kwance kamar faranti, balbelu na wucewa, babu ƙarar janareta, babu saƙon da ke shigowa. Matsalolin aiki da dama da suka hana ni barci, a nan na warware su ba tare da na taɓa kwamfuta ba.

Ranar da iskar waje ta ɗauke ni

A wani dam da ke wajen garinmu nake hawa. Wata Asabar cikin hunturu na makara, sai wajen ƙarfe 10 na shiga ruwa. A bakin gaɓa babu wata iska, domin tudu da bishiyoyi sun kare ta. Na ji jirgin yana tafiya da sauƙi fiye da kullum, na duba waya na ga kilomita 6 a awa, na ce lallai hannuna ya faɗa. Ashe iska ce take tura ni ta baya. Rigar kariyata kuma tana bayan kujera, na cire ta wai tana takura ni.

Bayan minti 20 na juya zan koma. A nan na gane. Irin wannan jirgi a saman ruwa yake zaune, kusan babu abin da ya nutse a ciki, gefensa kuma dogo ne. Ga iska, shi da balan-balan duk ɗaya. Duk tuƙin da na yi, hancin sai ya kauce. Idan na tsaya in huta na daƙiƙa 10, sai in rasa abin da na samu a minti ɗaya. Ƙananan igiyoyin ruwa suka fara fantsamowa ciki. Na yi minti 40 ina fama, kafaɗuna suka mutu, bishiyar da na ajiye takalmana a gindinta sai ƙara ƙanƙancewa take yi. Na so in jawo rigar in saka, amma sakin filafili yana nufin jirgin ya juya gefe ga igiyar ruwa.

Wani dattijo masunci da ke dawowa daga duba komarsa shi ya hango ni. Ya matso da kwale-kwalensa na katako, wanda nauyinsa ya sa iskar ba ta dame shi ba.

"Yaro, ina za ka da wannan katifar?"

Na ce, "Baba, gida nake son komawa."

Ya ce, "Ai ba da ƙarfi ake komawa ba. Miƙo igiyar."

Ba ni da igiya. Ya kwance tasa ya ɗaura a hancin jirgin. Bai nufi inda na fito ba, sai ya yanka gefe zuwa wani lungu da tudu ya kare, daga nan muka bi gaɓa a hankali. Da muka sauka ya nuna mini tsakiyar ruwan ya ce, "Ka ga inda ya yi duhu yana yamutsewa? Tun daga tudu ake karanta wannan, ba sai an shiga ba." Na ba shi abin goro, ya ƙi karɓa, ya ce in sayi igiya da shi.

Da na dawo gida na buɗe taswirar tafiyar. Layin fita miƙaƙƙe ne, kusan kilomita 2. Layin dawowa kuwa tamkar yaro ya yi wasa da biro. A minti 40 ban ci mita 300 ba. Jirgin bai huje ba, bai kife ba, bai yi laifin komai ba. Ni ne na kai shi inda ba a ƙera shi ya je ba. Hausawa suka ce iya ruwa fidda kai, ni kuwa ranar wani ne ya fid da ni.

Dokokin da nake bi yanzu

Wannan ba a kaina aka fara ba. Ƙungiyar ceto a teku ta Birtaniya, RNLI, ta daɗe tana gargaɗin masu kayan hurawa game da iskar da ke busawa daga tudu zuwa cikin ruwa, domin ita ce take yaudara: bakin gaɓa lafiya lau, ciki kuma ba dawowa.

Daren da zan fita ina duba manhajar Windy. Akwai lamba biyu, iskar da ke busawa a kai a kai da kuma bugun da ke zuwa lokaci-lokaci, na biyun nake kallo. Idan ya haura kilomita 15 a awa, ina zama a gida. A ma'aunin Beaufort da matuƙan jirgi ke amfani da shi, mataki na 3 shi ne kilomita 12 zuwa 19 a awa, a nan ne farin kumfa yake fara bayyana jefi-jefi a kan ruwa. Idan ka ga farin kumfa, ranar ba ta wannan jirgi ba ce.

Ina fara tafiya ne ina fuskantar iska, don idan na gaji ta dawo da ni. Ina bin gaɓa, ba na nisan da ba zan iya iyo in fita ba. Ina shiga da sassafe in fito kafin hantsi ya yi nisa. Da damina kuma ina kallon gabas. Mun san yadda hadarinmu yake: guguwa ce take riga ruwan sama isowa, wani lokaci cikin 'yan mintuna, kuma manhaja ba ta cika kama ta daidai ba. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙu kafin tsawa, kowane 3 kilomita 1 ne. Amma gaskiyar magana, muddin ka ji tsawa, kai ne abu mafi tsawo a kan ruwa riƙe da sandar alminiyom. Fita kawai.

Idan kuma iska ta riga ta fi ƙarfinka, kada ka ƙarar da ƙarfinka wajen ja da ita. Yanka gefe zuwa gaɓa mafi kusa, ko da za ka yi tafiyar ƙafa daga baya. Idan ka faɗa ruwa, fara cafke jirgin, domin jirgi marar kowa iska tana tafiya da shi fiye da saurin iyonka.

Rigar kariya tana cikin farashi

Babu rigar kariya daga nutsewa a cikin kwalin. Idan kuɗinka bai kai na jirgi da riga ba, to bai kai na jirgi ba. Ka duba lambar da ke jikinta. A ƙa'idar ISO 12402 akwai mataki 50N, 100N, 150N da 275N. Mai 50N taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa. Wanda bai ƙware ba ya nemi 100N ko sama. Mai 150N an ƙera ta ne ta juya mutum fuskarsa ta kalli sama ko da ya suma. Ka saka ta, ka ɗaure, wani ya ja kafaɗunta sama. Idan ta haura kunnenka ta yi maka yawa.

Ba mu buƙatar a ba mu labarin wata ƙasa. Ba mu manta da hatsarin kwale-kwale na Bagwai a jihar Kano ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, tana ta nanata abu biyu: riga, da barin tafiyar dare. Mai hawa don nishaɗi ba shi da uzurin karya ko ɗaya. Riga kuma a jiki take aiki, ba a bayan kujera ba. Ka haɗa da usur, da igiya mita 5, da ruwan sha, da malafa, da soso na kwashe ruwa.

Wayarka a kan ruwa

Ka ga IP67 ko IP68 a takardar wayarka ka ce ai ba ta jin ruwa. IP67 yana nufin zurfin mita 1 na minti 30, IP68 ya ɗara haka gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa, kuma a sabuwar waya aka gwada, ba wadda aka taɓa buɗewa a kasuwa aka canja mata allo ba. Sannan babu lambar da take sa waya ta yi iyo. Idan ta faɗa dam, ta tafi. Ka sayi jakar leda mai kulle da igiyar wuya, ka gwada ta a bokiti da takarda a ciki, ka ɗaure ta a jikin rigarka, ba a jikin jirgi ba. Jiƙaƙƙen allo ba ya jin yatsa sosai, don haka ka saita kiran gaggawa ta maɓallin gefe. Ka sauke taswirar yankin tun a gida saboda rashin sabis. Kafin ka shiga ka tura wa wani ɗan gida wurin da kake kai tsaye ta WhatsApp, ka faɗa masa ƙarfe nawa za ka fito. Mafi alheri, ku je ku biyu.

Abin da littafin kamfani bai san da shi ba

Littafin da ke cikin kwali ba don ruwanmu aka rubuta shi ba. Na farko akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya da ciyayi, ta ratsa fata ba tare da ka ji ba. Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ka rage tsayawa cikin ruwan bakin gaɓa mai ciyawa. Idan ka ga jini a fitsari ko da bayan watanni, ka je asibiti ka faɗi cewa kana shiga dam. Akwai maganinta, praziquantel.

Na biyu, ruwan nan wurin neman abincin wasu ne. Akwai koma, akwai taru, akwai mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da ba a gani daga sama. Ƙugiya ɗaya ta ishi robarka, kai ma kuma za ka iya yi wa wani asara. Na uku akwai dabbobi: an san dam ɗin Dadin Kowa a Gombe da dorinar ruwa, haka yankin Yawuri a kan kogin Neja, wasu wuraren kuma akwai kada. Na huɗu, kada ka kusanci bangon dam, ko magudanarsa, ko inda ake jan ruwa, kuma wasu dam ɗin na ruwan sha ne da ba a yarda a hau ba. Manya irin Tiga, da aka gina a farkon shekarun 1970, faɗinsu ya isa iska ta tara igiyar ruwa ta gaske. Kogi mai gudu kuwa, musamman da damina, ba wurin wannan jirgi ba ne.

Duk waɗannan amsarsu ɗaya ce, kuma babu ita a intanet. Ka je ka gai da sarkin ruwa ko dattawan masunta, ka nemi izini, ka tambaya ina ake bi, ina ba a bi.

Faci da ajiya

Sau biyu nawa ya huje, duka a kan tudu, ɗaya ƙaya ɗaya tsinin kara. Yanzu ina shimfiɗa buhu kafin in hura, kuma ɗaukarsa nake yi, ba na jansa. Don gano huda, ka shafa ruwan omo ka nemi inda kumfa ke tasowa. Ka sace iskar, ka goge wurin ya bushe, ka yanka facin ya zama zagaye don kada kusurwa ta ɗaga, ka yi amfani da gam na PVC. Sholishon masu facin taya na wata irin roba ce daban, ba ya kama wannan da kyau. Ka danne da abu mai nauyi ya kwana. Sau da yawa ma ba huda ba ce, bawul ne bai ɗauru ba ko yashi ya shiga.

Bayan kowace fita ka wanke shi, ya bushe a inuwa, in ba haka ba fumfuna da wari. Kada ka ajiye shi a but ɗin mota ko ƙarƙashin rufin kwano. Ka sa shi cikin roba mai murfi, domin ɓera yana son PVC.

To, a saya ko kada a saya?

Idan kana da ƙaramin ruwa mai kwanciya kusa da kai, ko wuri irin tafkin Jabi a Abuja bayan ka tambayi masu kula da shi, kuma abin da kake so awa ɗaya ko biyu ne na motsa jiki da hutun ƙwaƙwalwa, wannan jirgi ya ci kuɗinsa. Hanya ce mai sauƙi ta gane ko harkar ta dace da kai kafin ka zuba kuɗi a mai tsada. Idan kuwa nufinka tsallaka babban dam, ko ɗaukar kaya, ko ɗora ƙannenka da ba su iya iyo ba, ka bar shi a shago. Kada kuma a bar wa yara shi su kaɗai don ya yi kama da abin wasa.

Ni dai har yanzu ina hawa nawa, kusan duk Asabar da iska ta yarda. Igiya tana ɗaure a hancinsa, riga tana jikina tun daga tudu. Kafin in fara famfo nakan tsaya minti biyu in kalli tsakiyar ruwan kamar yadda dattijon nan ya nuna mini. Sau huɗu ke nan ina mayar da jirgin cikin jaka ban hura shi ba.

Wanda yake da tambaya kan zaɓen riga ko karanta taswirar iska, ya aiko, za mu duba a rubutu na gaba in Allah Ya yarda.